Ƙamus ɗin gwanjo da na saya: ɓera na ciki, power babu

Ƙanina ne ya ja min wannan sayayyar. Zai buɗe ɗan wajen ɗaga ƙarfe a unguwarmu, ya bi ya dame ni wai tunda ni malamin Turanci ne in nemo masa suna mai nauyi da za a rubuta a allo, ba irin Power kaza Power kaza da ke kowane lungu ba. Na ce bari in yi abin da hujja, na shiga wajen masu littattafan gwanjo a Sabon Gari na ɗauko ƙamus irin mai faɗin asalin kalma, ba ma'ana kawai ba. Ƙato ne, bangon ya sha salatif, takardar duk ta yi ja. Kuɗin kam kun san yadda gwanjo ya koma yanzu. Mai shagon har da rantsuwa, "Malam wallahi cikakke ne, ko shafi ɗaya bai fita ba."

Daren farko gaskiya na ji daɗin kuɗina. Na buɗe muscle, ashe daga Latin take, musculus, wato ɗan ƙaramin ɓera, wai saboda in mutum ya murɗa damtse sai ka ga kamar ɓera na gudu a ƙarƙashin fata. Dariya na yi har uwargida ta leƙo ko lafiya. Na kira ƙanin nawa na ce duk ƙarfen da kuke ɗagawa ɓeraye kuke kiwo, ya ce Yaya don Allah a bar maganar nan kar yaransa su ji. Shekara nawa ina koyar da kalmar nan ban sani ba.

Daga nan barci ya gagara. Strength da might na gida ne, tun tsohon Turanci suke, might ma 'yar uwar may ce, Jamusawa na da irinta Macht. Force kuwa baƙuwa ce, ta biyo Faransanci bayan Normandawa sun ci Ingila a 1066, tushenta fortis na Latin, wato mai ƙarfi, kuma wannan fortis ɗin ne a cikin fort da effort har da comfort, wanda asali ƙarfafa mutum yake nufi ba kwanciya kan katifa ba. Robust daga robur, itacen oak mai tauri. Energy ta Girkawa ce, ergon aiki kenan. Dynamis, wato ƙarfi, nasu ne ma, daga ita Alfred Nobel ya raɗa wa nakiyarsa suna dynamite a 1867. A lokacin da an tambaye ni sai in ce kowa ya je ya saya.

Sai na zo kan abin da ya kai ni kasuwar tun farko. Power. Na buɗe P ina ta juyawa, daga wajen port sai kawai na tsinci kaina a price. Na koma baya, na sake, na hura takardun ko sun manne. Babu! An cire wajen shafi 16 cif, kuma an bi da gam an liƙe wajen tsaf yadda ba za ka gane ba sai ka bi lamba, to wannan ba ɓera ba ne ya ci, mutum ne ya zauna ya yi. Power babu, potent babu, possible babu. Abin haushi ma na je impotent a ƙarƙashin I sai littafin ya ce in duba potent, kamar da gangan yake min.

Ƙarshe a waya na duba. Ita ma ta Faransanci ta shigo wajen 1300, daga tsohuwar kalmarsu poeir, can baya kuma Latin posse, iya yin abu. Wato asalinta ta fi kusa da iko da iyawa a kan ƙarfin damtse. Bayani mai kyau, amma in da data zan ƙare me ya sa na sha ranar Sabon Gari?

Na mayar wa mai shagon washegari. Bai ko karɓa ya duba ba, wai "Malam ai haka ya zo a dila, kalma nawa ce a ciki za ka damu da guda ɗaya?" Canji babu, kuɗi babu. Ba shafukan ne suka fi ƙona min rai ba, rantsuwar ce. In za ku saya a wajensu ku zauna ku bi lambar shafi ɗaya bayan ɗaya ko da zai ɓata rai.

Littafin dai yana kan teburina, jiya ma na duba stamina. Shi kuma ƙanin nawa bayan duk wannan wahalar na ba shi Fortis, ya ce mutane za su ɗauka kemis ne, ya kira mai fenti aka rubuta masa Power.