Sharhi Kan Baseball Savant: Ma'aunin Hannun Mai Jifan da Ya Dawo Daga Ritaya

Kusan kowace shekara, kafin ƙungiyoyin besbol na Amurka su buɗe sansanonin horo a jihohin Florida da Arizona cikin watan Fabrairu, akan sami wani tsohon mai jifa da ya riga ya ajiye wasa ya gayyaci wakilan ƙungiyoyi su zo su ga cewa hannunsa bai mutu ba. Daga nan sai magoya baya su rabu biyu, wasu suna cewa a ɗauke shi domin tsohon hannu ne da ya san matsin wasa, wasu kuma suna cewa zamaninsa ya wuce. Na daɗe ina komawa ga Baseball Savant, dandalin alƙaluma na MLB, hukumar babbar gasar besbol ta Amurka, a duk lokacin da irin wannan muhawara ta taso, kuma abin da nake so in auna a nan shi ne ko wannan dandali yana iya amsa tambayar ko kuwa a'a.

Ga wanda bai saba da wasan ba, mai jifan ɗauki shi ne wanda ake shigarwa bayan mai jifan farko ya gaji, galibi domin ya riƙe zango ɗaya kacal daga cikin zango 9 na wasa. Aikinsa gajere ne amma mai nauyi, domin sau da yawa yakan shigo ne a lokacin da maki ɗaya ko biyu ke tsakanin nasara da rashinta. Saboda gajartar aikin ne ma ya sa a wannan matsayi aka fi ganin masu ƙoƙarin dawowa, tun da mutumin da ya haura shekara 35 yana iya jure jifa 15 zuwa 20 a dare guda ko da ba zai iya jure 100 ba.

Daren Willman ne ya ƙirƙiri Baseball Savant a matsayin aikin kansa, kafin hukumar MLB ta ɗauke shi aiki, dandalin ya koma ƙarƙashinta. Abin da yake ci da shi shi ne tsarin Statcast, wanda aka kafa a dukkan filayen ƙungiyoyi 30 a shekarar 2015, aka kuma mayar da shi kan na'urorin ɗaukar hoto na Hawk-Eye a 2020. Kowane jifa da aka yi a babbar gasa ana auna saurinsa, da yawan juyawar ƙwallon a minti guda, da inda hannu ya sake ta, da yadda ta karkata kafin ta cinye tazarar ƙafa 60 da inci 6 da ke tsakanin mai jifa da mai duka. Ana kuma auna ƙarfin da ƙwallon ta tashi da shi idan sanda ta same ta. Duk wannan kyauta ne, babu rajista kuma babu kuɗin wata-wata, kuma ina ganin wannan shi ne babban alherin da hukumar ta yi wa mai kallo na nesa.

Hanya mafi dacewa ta gwada dandalin ita ce a ɗora shi a kan labarin Daniel Bard, domin babu wanda ya fi shi dacewa da wannan tambaya a 'yan shekarun nan. Ƙungiyar Boston Red Sox ta zaɓe shi a 2006, ya fara babbar gasa a 2009, kuma a 2010 ya fito a wasa 73 da matsakaicin maki 1.93 da ake ci a kansa a kowane zango 9, yana jifan da ke taɓa mil 100 a awa. A 2012 ƙungiyar ta mayar da shi mai jifan farko, sai saitinsa ya watse baki ɗaya. A wani wasa a Toronto cikin watan Yunin shekarar, ya bai wa masu duka 6 tafiya kyauta, wato sun wuce zuwa matsaya ta farko ba tare da duka ba saboda jifansa ya kauce wa saiti sau 4 ga kowannensu, ya kuma jefi mutum 2 da ƙwallo, bai ko kammala zango na biyu ba. Abin da ya same shi shi ne ciwon da 'yan wasan Amurka ke kira yips, wato jiki lafiya lau amma hannu ya ƙi bin abin da zuciya ta umarce shi. Wasansa na ƙarshe da Boston ya kasance a Afrilun 2013, ya zagaya ƙananan rukunan ƙungiyoyi da dama ba tare da ya gano bakin zaren ba, a ƙarshe ya haƙura, ya karɓi aikin bai wa matasan 'yan wasa shawara a ƙungiyar Arizona Diamondbacks. A Fabrairun 2020 ya yi jifa a gaban wakilan ƙungiyoyi, Colorado Rockies ta ba shi kwantiragin ƙaramin rukuni, kuma ranar 25 ga Yuli na wannan shekara ya koma babbar gasa bayan fiye da shekara 7, ya yi nasara a kan Texas Rangers.

A nan ne Baseball Savant yake nuna gwanintarsa. Idan mutum ya buɗe shafin Bard, zai ga saurin jifansa shekara bayan shekara, har da shekarun Boston, domin dandalin yana ɗauke da alƙaluman tsohon tsarin PITCHf/x tun daga 2008. Zai ga yadda saurin ya faɗi a 2012, zai kuma ga cewa a 2020, yana ɗan shekara 35, jifansa mai sauri ya koma kusan mil 97 a awa. Wannan ba ra'ayin ɗan jarida ba ne kuma ba kirarin mai sharhi ba ne, awo ne na na'ura, kuma shi kaɗai ya isa ya kashe rabin gardama. A saman shafin kowane ɗan wasa akwai jerin layuka masu launi, ja ga abin da ya fi takwarorinsa a kai, shuɗi ga abin da ya gaza, don haka ko wanda bai iya lissafin wasan ba yana iya gane inda ƙarfin mutum yake da kallo ɗaya. Abin da na fi so kuwa shi ne wurin bincike, inda ake iya tace jifa bisa iri da rana da abokin karawa, sannan a danna a kalli gajeren bidiyon kowane jifa. Ga mu da muke Afirka ta Yamma, inda wasannin dare na Denver ke farawa bayan ƙarfe ɗaya na dare, wannan ba ƙaramin taimako ba ne, domin da safe mutum yana iya kallon dukkan jifan da mai ɗauki ya yi cikin 'yan mintoci.

Akwai kuma ma'aunin da ake kira xERA, wanda yake ƙiyasta makin da ya kamata a ci a kan mai jifa bisa ƙarfin dukan da aka yi wa ƙwallonsa, ba bisa abin da ya faru kawai ba. Yana da amfani ƙwarai ga mai jifa a filin Coors da ke Denver, wanda yake a tudun da ya kai kusan mita 1,600, inda iska ba ta da kauri, ƙwallo ba ta karkata sosai kuma takan yi nisa idan an doke ta.

Sai dai a daidai wurin da tambayar ta fi zafi, dandalin yakan yi shiru. Tsakanin 2013 da 2020 shafin Bard na babbar gasa fanko ne, kuma haka yake ga duk wanda ya yi ritaya. Jifan gwaji da ake yi wa wakilan ƙungiyoyi a keɓe ba ya shiga Statcast, don haka a ranar da ƙungiya za ta yanke hukuncin ɗauka ko bari, mai kallo ba shi da komai a hannu face alƙaluman da suka tsufa. An ɗan rage wannan giɓi tun 2023, lokacin da dukkan filayen rukunin Triple-A, wanda ke ƙasa da babbar gasa kai tsaye, suka shiga tsarin, wanda ya sa yanzu ana iya bin sawun mai ƙoƙarin dawowa tun kafin a ɗaga shi. Amma wannan ma sai bayan an riga an ɗauke shi.

Matsala ta biyu ta fi wannan zurfi. Mai jifan ɗauki yakan yi zango 60 zuwa 70 ne kawai a kaka guda, kuma wannan adadi bai isa a gina tabbaci a kai ba. Bard da ya sami lambar yabon wanda ya fi kowa dawowa da ƙarfi a gasar National League, ɗaya daga ɓangarori biyu na MLB, a 2020, da matsakaicin maki 3.65, shi ne ya koma 5.21 a 2021, sannan ya sauko zuwa 1.79 a 2022, ya kuma kare nasara, wato ya rufe wasa yana riƙe ɗan rinjayen da ƙungiyarsa take da shi, sau 34. A Yulin 2022 ƙungiyar ta tsawaita kwantiraginsa da shekara 2 a kan dala miliyan 19, kuma duk wanda ya kalli jajayen layukan shafinsa a lokacin zai fahimci dalili. A Maris na 2023, a gasar besbol ta duniya, saitin ya sake kuɓuce masa, ƙwallonsa ta karya babban yatsan Jose Altuve na Venezuela, ya fara kakar a jerin marasa lafiya saboda matsananciyar damuwa, abin da ya faɗa da bakinsa a fili, kuma ina girmama shi a kan wannan ƙarfin hali. A kakar 2023 ya ba da tafiya kyauta 49 cikin zango 49 da ɗan kai, kuma 2024 ta wuce masa gaba ɗaya saboda tiyata. Babu wani layi, ja ko shuɗi, da ya yi gargaɗin haka a 2022, domin na'ura tana auna ƙwallo ne, ba ta auna abin da ke cikin ƙirjin mai jefa ta ba, ba ta kuma auna jijiyar hannun mutum mai shekara 37.

Irin wannan ya taɓa faruwa kafin zamanin Statcast. Troy Percival, wanda shi ma mai jifan ɗauki ne, ya bar wasa, ya dawo da St. Louis Cardinals a 2007 da matsakaicin maki 1.80, Tampa Bay ta ba shi kwantiragin shekara 2, ya kare nasara sau 28 a 2008, amma raunuka suka addabe shi har ya tsaya a tsakiyar 2009. A duka labaran biyu, kwantiragin farko mai araha ya biya ƙungiya ninkin baninki, mai tsawon da ya biyo baya ne ya zama nauyi.

Ta fuskar amfani na yau da kullum, dandalin da Turanci yake, awonsa da mil da ƙafa da inci ne, kuma cike yake da gajerun sunayen ma'aunai waɗanda sabon shiga zai buƙaci 'yan kwanaki kafin ya saba da su. Teburansa masu faɗi sun fi dacewa da kwamfuta a kan waya, bidiyon kuma yana cin data, don haka gara a zaɓi jifan da ake son gani a kan a buɗe su duka.

Hukuncina shi ne, Baseball Savant ya cancanci kowane mai son wasan ya riƙe shi, kuma a tambayar ko hannun tsohon mai jifa yana da rai, ban san wata hidimar kyauta da ta kai shi ba. Idan ƙungiyata ce ke tunanin ɗaukar mai jifan ɗauki da ya dawo daga ritaya, zan so ta ɗauke shi a kan kwantiragin ƙaramin rukuni tare da gayyata zuwa sansanin horo, wanda ba ya cinye gurbi a jerin 'yan wasa 40, sannan in bi shi a dandalin ina duba abu biyu, saurin jifansa a rana ta biyu a jere da yawan tafiya kyauta da yake bayarwa. Idan kuwa maganar ta kai ga kwantiragin shekara 2 ga mutumin da ya doshi 40, ba zan yarda jajayen layukan kaka guda su yanke wannan hukunci ba.