Zaɓen Manhajar Lissafin Raguwar Ƙarfin Wuta a Cikin Waya

Duk wayar wuta tana cinye wani abu daga ƙarfin da aka ɗora mata, kuma asarar tana ƙaruwa gwargwadon tsawon wayar da sirantakarta da nauyin kayan da take ɗauka. Shi ya sa famfon rijiyar burtsatse da aka jawo wa wuta daga nesa yakan yi ta gurnani yana ɗaukar zafi, alhali kwan fitilar da ke kusa da mita yana ci ras. Manhajojin da ke yin wannan lissafi a wayar hannu sun yi yawa, amma abin da ya raba su ba kyan fuska ba ne, ƙa'idar ƙasar da aka gina kowace a kanta ce.

Waɗanda aka yi domin Amurka, irin ta kamfanin Southwire, suna auna kaurin waya da lambobin AWG, tsawo kuma da ƙafa, sannan gidajensu na amfani da bolt 120. Lissafinsu ba shi da aibi, sai dai mai aikin wayarin a Kano ko Maraɗi da wayar 1.5 da 2.5 da 4 ya saba, wato murabba'in milimita, kuma wutarsa wajen bolt 230 ce. Wajen juya wannan ma'auni zuwa wancan ne kuskure yake shigowa, musamman da yake a tsarin AWG lambar da ta fi girma ita ce wayar da ta fi siranta. Don haka manhajar da ke bin ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta IEC ko ta Birtaniya, BS 7671, ta fi dacewa da aikinmu. Ita BS 7671 ta ba da shawarar kada raguwar ta wuce kashi 3 cikin ɗari a layin fitilu, ko kashi 5 a sauran layuka.

Cikin masu bin wannan tsari akwai na kamfanonin ƙera waya, kamar CableApp ta Prysmian, waɗanda kyauta ne kuma suna tambayar yadda za a shimfiɗa wayar, a bututu ko a ƙarƙashin ƙasa, amma amsarsu takan karkata ga kayan kamfanin. Akwai kuma na gama-gari irin Electrical Calculations, wadda ta tattara lissafe-lissafe masu yawa wuri guda, ana biyan kuɗi kafin a buɗe wasunsu. A ganina mai gyaran wuta da ke fita aiki kullum ya fi cin moriyar wannan rukuni na biyu, yayin da mai gida da ke son ya tabbatar da maganar ma'aikacinsa sau ɗaya ba shi da dalilin kashe ko kwabo.

Aikin sola kuwa sha'aninsa daban ne, kuma a nan ne sakaci ya fi tsada. Kashi 3 cikin ɗari na bolt 12 bai kai rabin bolt ba, sannan inbata mai wat 1000 da ke kan batir na bolt 24 tana jan amfiya sama da 40, saboda haka ko tazarar mita biyu tana bukatar waya mai kauri. Wajibi ne manhajar ta iya lissafin wutar batir, kamar yadda Victron Toolkit take yi, ba ta wutar gari kaɗai ba.

Kafin a amince da kowace, yana da kyau a jarraba ta da lissafin da aka san amsarsa. A jadawalin BS 7671, wayar jan ƙarfe ta 2.5 mai rufin roba tana zubar da milibolt 18 (milibolt dubu ne bolt ɗaya) a kowace amfiya a kowace mita, ta 4 kuma milibolt 11. Idan famfo yana jan amfiya 10 a nisan mita 60, ta farko za ta zubar da bolt 10.8, kusan kashi 4.7 cikin ɗari na bolt 230, ta biyu kuma bolt 6.6. Manhajar da ta ba da rabin wannan adadi tana jiran a shigar mata da tsawon zuwa da dawowa ne, wato mita 120, kuma da yawa ba sa bayyana hakan a fili. A duba kuma ko tana aiki babu data, domin filin aiki ba kullum yake da sabis ba.

Akwai abu biyu da manhaja ba za ta gano da kanta ba. Idan wutar unguwa bolt 190 take zuwa da yamma, to adadin da na'urar awo ta nuna shi ya kamata a shigar, ba 230 na takarda ba. Haka nan lissafin yana ɗauka cewa wayar da aka rubuta wa 2.5 ta cika 2.5 kuma jan ƙarfe ce zalla, alhali a kasuwa ana samun wadda ba ta cika awo ba, da wadda alminiyam ce aka shafa mata jan ƙarfe a sama, wadda turjiyarta ta fi ta jan ƙarfe da kimanin kashi 60 cikin ɗari. Mai saye ya fere bakin wayar ya kankare silin da wuƙa tun yana gaban mai shago, idan fari ya bayyana a ciki sai ya zaɓi alminiyam a manhajar ya sake lissafi, ko kuma ya nemi wata wayar.