Sabuwar mai akwati ko tsohuwar Japan ta hannu?

Ɗan uwa, tsakanin biyun da ka tambaya, sabuwar na'urar faifai mai kamar akwati da tsohuwar Technics ɗin da aka yi maka tallarta, ɗauki tsohuwar.

Mai akwatin na taɓa saye, kuɗina ne suka yi ciwo. Allurarta na danna faifai da nauyin giram 5 zuwa 6, alhali ta kirki wajen giram 2 take sauka, sifikarta kuma kamar ana magana cikin gwangwani. In dai yabo ne, tana da sauƙin ɗauka, shi ke nan.

Tawa Technics ɗin a shagon wani mai gyaran rediyo wajen Ƙofar Ƙaura na same ta, ƙura ta rufe ta. Irin wadda inji ke juya farantinta kai tsaye ce, babu bel ɗin da zai saki a zafin Afrilu. Allura kawai na canza. Shi mai gyaran ne ya ce in ina son faya-fayai na gaskiya in je Daura, akwai wani dattijo, tsohon malamin firamare, da ke da su cike da adaka. Na je da niyyar saye, sai Baba ya ce ba na sayarwa ba ne, amma in zauna. Ya ɗora na Shata, kalangu ya tashi kamar makaɗan na cikin zauren, yana ba ni labarin ranar da aka binne shi a nan Daura a 1999. Can ya ciro wani ƙaramin faifai mai gudun 45, wato juyi 45 a minti ɗaya, kiɗan Kwango, wai wani direba ya kawo masa tun yana saurayi. Ni da na je neman kiɗan gida, sai ga ni na dawo Katsina da jita a kunne. Tun daga nan duk ƙarshen wata nake zuwa da nawa mu yi musaya, kuma ba zan iya ɗora aron Baba a kan mai akwati ba, kunya ma ba za ta bar ni ba.

Kafin ka biya kuɗin Technics ɗin, juya bayanta ka karanta ƙarfin wutar da take ɗauka. In an rubuta 220 zuwa 240, lafiya lau. In 100 ne ko 120, ta kasuwar Japan ce ko ta Amurka, sai da taransifoma, in ba haka ba jonawar farko za ta ƙone. Wasu na Amurka masu bel, ko da taransifoma, ja suke yi a wutarmu, muryar mawaƙi ta koma ta mai jin barci. Ka kuma tabbatar amfilifayarka, wato na'urar ƙara sauti, na da ramin da aka rubuta PHONO, inda ake jona na'urar faifai. Yawancin irin waɗannan na'urorin, faya-fayai masu gudun 33 da 45 kaɗai suke juyawa. In kana da tsofaffin 78 na garmaho masu fashewa kamar tangaran, wannan wata magana ce, allurarsu ma daban.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da dillalai. Akwai masu shafa wa faifai mai ya yi ƙyalli don ya ɓoye ƙarzuwa, ya kuma toshe maka allura. Akwai mai ba ka kwali da hoton Shata ko Ɗan Maraya, ciki wani faifan ne daban, don haka karanta takardar tsakiya. Ba kowace waƙar Shata ce ta fito a faifai ba, wanda ya ce zai samo maka ko wacce kake so in ka tura kafin alƙalami, bar shi ya wuce. Wanda kuma ya ce babu wutar gwaji, ka ce ku je inda ake da janareto.

Faya-fayan a tsaye ake jera su, nesa da taga, kada ka bar su a mota da rana, lanƙwashewa suke yi. In za ka je ganin ta ran Asabar, biyo ta wajena in ba ka faifai ɗaya da na san sautinsa ka gwada da shi.