Motar da ke kashe injinta da kanta: ko ta dace da zafin Sakkwato?

Da yawa daga cikin sababbin motocin Beljiyom da ake shigowa da su, musamman Mercedes, BMW, Ford da wasu Honda, suna zuwa da tsarin da ke kashe inji idan ka taka birki ka tsaya cak, ya sake tayar da shi da zarar ka ɗaga ƙafa. Maɓallinsa yana ɗauke da harafin A da kibiya ta zagaye shi. Masu saye da dama suna ɗauka lalacewa ce, su garzaya wurin riwaya a cire. A ganinmu tsarin yana da amfani, amma amfaninsa a nan ya rataya kusan gaba ɗaya a kan batir.

Lissafin mai dai yana goyon bayansa. Ƙaramar mota mai inji lita 2 tana shan fetur kimanin rabin lita zuwa lita 1 a awa idan tana silo, wato tana tsaye inji na kunne, kuma esi yana ƙara shan. A injin zamani mai injekta da ya riga ya yi zafi, man da ake tayar da shi bai wuce na silon daƙiƙa 10 ba. Maganar cewa tayar da mota ya fi barinta kunne cin mai ta samo asali ne daga zamanin kafireto. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, wanda ke yawan tsayawa a danja, ko cunkoson Babbar Kasuwa, ko jiran yara a ƙofar makaranta, zai ga bambanci a wata. Mai bin hanyar Gusau ko Birnin Kebbi kullum ba zai ga komai ba.

Kik ɗin waɗannan motoci an ƙera shi don yawan tashi, ba shi ke fara mutuwa ba. Batir ne matsalar. Tsarin yana buƙatar batir na musamman, nau'in EFB ko AGM, domin duk lokacin da inji ya mutu, batir ne ke ɗauke da fanka, fitilu, rediyo da kwamfutar mota, sannan ya sake juya inji. Batirin ruwa na gama-gari ba a yi shi don wannan wahala ba. Ana sa shi don sauƙin kuɗi, bayan 'yan watanni ya fara kasa tashi da safe. Zafi kuma maƙiyin kowane batir ne. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da Sakkwato ke haura digiri 40, wanda ke ƙarƙashin bonet kusa da inji ya fi saurin lalacewa a kan wanda kamfani ya ajiye a but ko ƙarƙashin kujera. Idan motar ta zo da AGM, a mayar mata da AGM mai ƙarfi ɗaya. A BMW da wasu irinta, sai an jona kwamfuta an sanar da motar cewa an sa sabon batir, in ba haka ba alitaneta zai ci gaba da yi masa caji irin na tsoho. Akwai kuma ƙaramin sensa a kan tamina ta nagetif. Riwayan da bai san shi ba yakan yar da shi wajen canjin batir, tsarin ya daina aiki.

Kafin ka biya kuɗin motar, a auna batirin bayan ta kwana: volt 12.6 cikakke ne, 12.2 ya yi kusan rabi. Tsarin yakan ƙi kashe inji da kansa idan batir ya yi rauni, inji bai yi zafi ba, ko esi na fama da ɗakin mota. Wannan kariya ce, ba a taɓa masa waya.

Inda muka rage masa maki shi ne sanyin esi. Bel ne ke juya kwamfuresan esi, don haka inji na mutuwa iska ta fara ɗumi cikin ƙasa da minti. Da azahar ta bazara a danna maɓallin a kashe tsarin, musamman idan da yara ko tsofaffi a ciki. Da hunturu, da safe da dare, a bar shi ya yi aikinsa. Motocin haibirid irin Prius ba su da wannan damuwa, kwamfuresansu na lantarki ne.

Wanda motarsa ba ta da tsarin yana iya yi da makulli, amma da ƙa'ida: tsayuwar da za ta wuce minti ɗaya, kamar layin gidan mai ko jiran wani a bakin shago, a kashe. A danja ko shataletale a bar ta kunne, domin kik da batirin tsohuwar mota ba na wannan aiki ba ne, kuma ba a kashe inji mota na gangarawa, birki da sitiyari suna yin tauri. Inji mai tobo da ya taso daga tafiya mai nisa a ba shi silon daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya kafin a kashe, don baƙin mai ya sanyaya tobon. Cikin rufaffen gareji kuwa ba a barin inji kunne ko na ɗan lokaci, hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji warin gubar ba.