Ɗaga Jimny, taya da garkuwar ƙasa: wanne ya cancanci kuɗinka?

Duk wanda ya mallaki Suzuki Jimny, ko tsohuwar da aka yi daga 1998 zuwa 2018 ko sabuwar da ta gaje ta, ba ya daɗewa sai zuciya ta fara raya masa ya ƙara mata tsayi. Kafin ka kai ta gareji, ka riƙe lissafi guda: sabuwar mai ƙofa uku nauyinta bai wuce kilo 1,100 da 'yan kai ba, kuma iyakar abin da kamfani ya yarda ta kai da mutane da kaya kilo 1,435 ne. Injinta lita 1.5, ƙarfin doki ɗari da kaɗan. Wato duk ƙarfen da ka ɗaura mata, daga rabon fasinja da jarkar mai ka ɗebe shi. Mutane da yawa suna kwaikwayon abin da suka gani a jikin Hilux ko Land Cruiser, su ɗora wa jaki kayan raƙumi, sannan su dawo suna kukan motar ba ta hawan tudu.

Abu na biyu da masu sayar da kaya ba sa son faɗa: Jimny aksul ɗinta sandar ƙarfe ce guda, gaba da baya. In ka ɗaga sifirin, jiki da shasi ne suke hawa, amma ƙullin tsakiyar aksul, wanda shi ne ke fara dukan dutse, yana nan inda yake. Taya ce kaɗai ke ɗaga shi. Sabuwar tana zuwa da 195/80R15, da tazarar milimita 210 daga ƙasa. In ka koma 215/75R15 ka samu ƙarin milimita 5 kacal, in ka je 235/75R15 ka samu wajen 20. Saboda haka amfanin ɗagawa shi ne ta ba taya wurin motsi, ta janye ciki da bamba daga ƙasa, ta kuma gyara yadda motar ke shanye gargada.

A nan zan faɗi zaɓina ba kwana-kwana: cikakken saitin Old Man Emu mai ɗaga milimita 40, sifirin huɗu da shokozoba huɗu. Kamfanin ARB na Ostireliya ne ke yin sa, ƙasar da ke da dogayen hanyoyin jar ƙasa masu gargada irin waɗanda muke fama da su da rani. Abin da ya ja ni gare shi ba tsayin ba ne. Shokozobar da Jimny ke zuwa da ita siririya ce, in ka daɗe kana gudu a gargada sai ta yi zafi ta saki, bayan motar ya fara tsalle yana neman juyowa. Ta Old Man Emu ta fi kauri, ta fi ɗaukar mai, kuma an auna ta ne da sifirin ɗin da suka zo tare. Za ka ji bambancin a sitiyari tun daga fita kwalta: motar na taka ramin ta zauna, ba ta yin lilo sau biyu sau uku. Sannan milimita 40 bai kai inda zai hargitsa saitin ƙafafu sosai ba. Farfela ba ta shiga wani mugun kwana, motar ba ta zama mai saurin kifewa, kuma kowane bakanike mai hankali zai iya ɗaurawa cikin yini guda. Ka dai gaya wa dila gaskiyar nauyin da za ka ɗora a gaba, domin sifirin na mai bambar ƙarfe daban yake da na wanda ya bar ta roba. Bayan ɗaurawa kuma a duba tiyon birki, a ɗaga motar har ƙafa ta rataya, a tabbata bai miƙe ya ɗaure ba.

Ironman 4x4, shi ma ɗan Ostireliya, ba laifi in aljihu ya matsa. Zoben roba ko na alminiyam da ake cusawa a kan sifirin, wanda suke kira sifesa, tsayi kawai yake bayarwa, tsohuwar shokozobar na nan da lalurarta. Ɗaga jiki daga kan shasi kuwa ado ne. Saitin sifirin masu ɗaga milimita 75 zuwa 100 na ga kyansu a hoto, amma sai ka canza bushin hannayen aksul, ka sa sandar da ke riƙe aksul a tsakiya mai daidaituwa, ka ƙara tsawon tiyon birki, ka gyara wa farfelar gaba hanya, kuma duk da haka ka ƙare da gajeriyar mota mai tsayi da ke tangaɗi in tirela ta wuce ta a hanyar Kaduna zuwa Zariya.

Yanzu ga inda ake yanka mutane. An taɓa sayar mini da shokozoba launin rawaya fes, da kwali da sitika, aka rantse mini daga jirgi aka sauke ta. Ba ta ga ƙarshen damina ba ta fara zubar da mai. Da muka kankare fentin da wuƙa, sai ga baƙin fenti na asali a ƙasa, da tsatsa a gindin walda. Tsohuwa ce aka wanke aka fesa. Tun daga nan nake auna kowane kaya da tambaya ɗaya: ta yaya zan gane na gaske ne? Ka nemi lambar kaya a jikin ƙarfen, ka gwada ta da wadda ke kan kwali da wadda ke shafin kamfanin a intanet. Ka duba sandar ciki, sabuwa ba ta da zane ko dusashewa. Ka danne ta da hannu har ƙasa, mai gas za ta taso da kanta a hankali ba tare da tsayawa a hanya ba. Ka duba ramin noti, in fenti ya shiga cikin bushin roba to fesawa aka yi bayan an haɗa. Wanda ya ce zai ba ka a rabin kuɗin dila saboda “kwastan ne suka yi gwanjo”, ka yi masa sallama. Kada kuma ka tura kuɗi don hoton da ka gani a Facebook ko WhatsApp. In a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ne ko Ladipo ta Legas, ka je da bakanikenka, a buɗe kwali a gabanka, a rubuta maka rasit mai lambar kaya.

Cutar da ake yi a taya ta fi wannan muni, domin ita rai take ci. Kowace taya tana da lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT a gefenta: 2322 na nufin an yi ta a mako na 23 a shekarar 2022. Akwai masu goge lambar su buga wata, za ka ga wurin ya fi sauran jiki santsi ko ya ɗan lotsa. Akwai masu sassaƙa tsohuwar taya da wuƙa mai zafi don zanenta ya yi zurfi, a shafe ta da baƙin mai tana ƙyalli. Ka sa farce cikin zanen, in gefensa na da kaifi ba daidai ba, ko ka hango zare, ka bar ta. Tayar Beljiyam da aka yi don ƙanƙara, mai ƙananan tsage-tsage birjik, robarta taushi gare ta, kwaltar watan Afrilu cinye ta take yi.

A sababbi, BFGoodrich KO2 a 215/75R15 nake sawa, saboda gefenta na jure ƙayar aduwa da kaifin marmara. Tana da nauyi da tauri, za ka ji a mai da kuma a birki. Yokohama Geolandar A/T ta fi sauƙi da shiru ga wanda yawancin tafiyarsa kwalta ce. Mai manyan haƙora ta taɓo, sai in gonarka a fadama take, don a kwalta gurnani take yi, a yashi kuma haƙa rami. 235/75R15 tana cin ƙarfin injin, giya ta biyar ta zama ta ado, agogon gudu ya riƙa nuna ƙasa da gaskiya, sau da yawa sai an yanke roba a mazaunin taya. Kowacce ka saya, ka tsaya a kan mai faci. Sun saba dura iska 40 ko 45, alhali takardar da ke jikin ƙofar direba wajen 26 ta ce. In sitiyari ya fara karkarwa a wajen gudun kilomita 80 bayan sabuwar taya, a duba balans, sannan a duba boris ɗin kimfin, inda ƙafar gaba ke juyawa a jikin aksul, sanannen ciwon Jimny ne kuma taya mai nauyi tana tono shi.

Garkuwar ƙasa, wato farantin da ke kare cikin mota daga dukan dutse, ita ce wurin da ba na ganin dalilin biyan kuɗin jirgi. Ta alminiyam daga waje ta fi sauƙin nauyi, amma in ta tsage ba kowane mai walda ke iya ɗinke ta ba. Farantin ƙarfe mai kaurin milimita 3, a hannun gwani a Panteka ta Kaduna, ya wadatar. A fara da giyar ogzilari da ke tsakiyar ciki, sai kunnuwan shasi inda hannayen aksul suke ɗaure, domin su ne ke rataye ƙasa suna karɓar duka. Tankin mai ya biyo baya in hanyarka ta duwatsu ce irin hawan Mambila. Kada ka yarda a yi walda a jikin shasi, a ɗaure da noti a ramukan da ke nan, kan notin a nutse don kada dutse ya guntule shi. Ka kuma sa ma'auni a farantin kafin a yanka, don akwai masu karɓar kuɗin milimita 3 su yi aiki da 2. A huda ramukan zubar ruwa da laka, a bar sarari tsakaninsa da salansa, kuma da kaka in ka ratsa ciyawa ka leƙa ka zare busasshen da ya maƙale a wurin, domin da zafin salansa yake kamawa.