Ƴar kyamarar da na saya wa Baba bayan ya samu shanyewar ɓarin jiki

Gaskiya da farko ban gane me ya haɗa kyamara da jinya ba. Baba ɓarin hagu ne ya shanye masa, bayan an gama da masu gashin jiki na asibiti sai aka haɗa mu da wata ma'aikaciya, irin masu koya wa majinyaci komawa harkokinsa na yau da kullum, sa riga, wanka, cin abinci da kansa. Ita ce ta ce mu nemo ƴar ƙaramar kyamara. Na ce mata ai ga waya, ta ce a'a, fuskar waya santsi gare ta, hannu ɗaya mai rawa ba zai riƙe ya kuma danna ba, gara abu mai maɓalli wanda yatsa zai ji ya danna.

Canon IXUS 185 na samu, ta hannu. Samfurin 2017 ce, megafiksel 20, tana jawo abu kusa har ninki 8, nauyinta bai kai na wayata ba, ga igiyar da ake zura hannu ko ta suɓuce ba za ta kai ƙasa ba. Abin da ya fi burge ni shi ne tsarin Easy Auto ɗin ta, da ka sa shi sauran maɓallan sun daina aiki, Baba ko ya taɓa wani wuri bisa kuskure babu abin da zai rikice.

Aikin farko ni na yi, na ɗauko hoton banɗaki da dokin ƙofa da gadonsa, daga nan ma'aikaciyar ta nuna mana inda za a kafa ƙarfen da zai riƙa dafawa. Sai muka ɗauki yadda ake sa riga daki-daki, hannun da ya shanye shi ake fara zurawa, muka wanko hotunan muka manna jikin bango.

Amma inda na ga amfaninta sosai sai da ta koma hannun Baba. Ciwon ya sa ba ya lura da duk abin da ke hagunsa, tuwo ma rabin kwano yake ci ya bar rabin, to sai ma'aikaciyar ta ba shi aiki kullum da yamma ya ɗauko abu biyar da ke gefensa na hagu a tsakar gida, dole ya juya kai ya nema, yau buta gobe akuya jibi jikokinsa. Mutumin da ya yi watanni ko zaure ba ya son fita, wallahi ranar da ya ce min "miƙo min abar nan in je ƙofar gida" sai da na shiga ɗaki na yi kuka.

Abin lura, maɓallin ɗauka a dama yake kaman kusan duk kyamarori, in hannun dama ne ya shanye wa naku to ku fara gwadawa kafin ku biya kuɗi. Ba ta da Wi-Fi, sai an zaro katin memori a sa a kwamfuta ko a jona ta da kebul. Batir kuma wajen hoto 200 yake ɗauka, mu dai yana kai mu sati.

Don Allah kuma hoton majinyaci sirrinsa ne, kar a watsa a guruf ɗin dangi na WhatsApp sai ya yarda. Na Baba suna cikin wani ɗan albam a ƙarƙashin matashinsa, shi ke zaɓar wanda zai nuna wa.