Kufai uku na masu haƙar ma'adinai: Kolmanskop, Bodie ko Humberstone, wanne zaka kashe wa kuɗinka?

Jama'a assalamu alaikum. Tun da na dawo daga Namibiya ake ta tambayata kan hotunan nan na gidajen da rairayi ya cika ɗakunansu har ya kusa rufe ƙofa, wasu ma cewa suke haɗin kwamfuta ne, wallahi ba haɗi bane, gari ne sukutum da aka gina saboda daiman sannan aka watse aka barwa hamada. Wani ƙanina dake karatu a Amurka yace ai suma sunada irinshi a Kalifoniya, wani abokin aikina kuma ya kawo maganar na ƙasar Chile, shine nace bari in zauna in jera su ukun nan yadda duk mai niyya zai san inda ya dace da aljihunsa da kuma abinda zuciyarsa ke nema, don tafiya ce mai cin kuɗi ba irin wadda ake yi sau biyu a shekara ba.

Bari in fara da na Namibiyan tunda shi ne na Afirka.

Kolmanskop yana kamar kilomita 10 daga garin Luderitz na bakin teku, a kudancin ƙasar. A 1908, lokacin Jamusawa ke mulkin wajen, wani baƙin lebura mai suna Zacharias Lewala yana kwashe rairayi daga kan layin dogo sai ya tsinci wani dutse mai ƙyalli, ya kaiwa ubangidansa August Stauch, aka duba aka ga daiman ne. Shikenan fa, kafin kace me Turawa sun cika wajen, a shekarar nan gwamnatin Jamus ta killace yankin gaba ɗaya ta sa masa suna Sperrgebiet, wato yankin da aka haramta shiga, kuma har yau ɗinnan sai da takardar izini ake taka shi. Zuwa 1912 wajen yana fitar da kusan karat miliyan ɗaya a shekara, sama da kashi goma cikin ɗari na daiman ɗin duniya kenan a lokacin. Kuɗi yayi yawa har suka gina asibiti, makaranta, gidan rawa, gidan caca, tashar lantarki, masana'antar ƙanƙara a tsakiyar hamada, ruwan sha kuma ta jirgin ruwa ake kawo shi tun daga Cape Town. Asibitin nada injin ɗaukar hoton ƙashi wanda ake cewa shi ne na farko a duk kudancin duniya, kuma ba marasa lafiya kaɗai ake haskawa da shi ba, har leburori ake haskawa a ga ko wani ya haɗiye daiman. A 1928 aka gano wanda ya fi nasu girma da yawa can kudu kusa da bakin kogin Orange, mutane suka fara zarewa ɗaya bayan ɗaya, zuwa 1956 babu kowa.

Abinda ya fi burge ni a Kolmanskop shine ana barinka ka shiga cikin gidajen da ƙafarka. Zaka sunkuya ka bi ta ƙofar da rairayi ya cinye rabinta, ka tarar da ɗaki fentinsa shuɗi ko ɗorawa yana nan daram a bango, bahon wanka a kwance cikin yashi, haske na sauka ta tsagar rufi layi layi, ba igiya ba gilashi tsakaninka da abin. Dogon barandan asibitin kuwa idan ka tsaya a ciki kai kaɗai sai kaji tsigar jikinka na tashi.

To a nan ma akwai zaɓi, kuma shi ne inda mutane ke tafka kuskure. Takardar shiga iri biyu ce. Akwai ta gama gari mai sauƙin kuɗi, ka shiga da safe ka fita kafin ƙarfe ɗaya na rana, kuma a cikinta akwai zagaye da jagora wanda ake yi da hantsi cikin Turanci ko Jamusanci. Sai kuma ta masu ɗaukar hoto, ta fi tsada sosai amma tana baka dama tun fitowar rana har faɗuwarta. Shawarata ka ƙara kuɗin ka yanki ta biyun ko da waya ce kawai a hannunka, dalili kuwa, da sassafe iskar dare ta share sawun mutane, rairayin yayi lumui kamar ba'a taɓa taka shi ba, kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su iso ka gama more wajen, sannan ka shiga zagayen jagoran ka ji tarihi. Ita wannan takardar tun jiya ake yankarta a cikin Luderitz don da asuba babu mai sayar maka a bakin get, ka tambayi masu masaukinka su nuna maka ofishin su kuma tabbatar maka da lokutan. Da yamma iska ce ke tashi mai ƙarfin gaske, yashi har cikin kunne da haƙori, wanda ya saba da ƙurar hunturu ma sai ya sha mamaki, don haka ka riƙe rawani ko hirami da tabarau da takalmi rufaffe saboda fasassun gilasai da ƙusoshi dake ɓoye a ƙasa.

In kanada ƙarin kwana ɗaya da ƙarin kuɗi akwai Elizabeth Bay da Pomona, suma kufan daiman ne a can cikin killataccen yankin, tafiyar Pomona ana haɗa ta da Bogenfels, wani dutse mai kamar baka da ya kai mita 55 a bakin teku. Waɗannan ba'a zuwa da motar kai, sai ta hannun kamfanin da aka yarda da shi, kuma sai ka tura kwafin fasfo kwanaki kafin ranar. Wanda ya zo sau ɗaya a rayuwa kuma aljihu ba nauyi, Kolmanskop ya ishe shi gaskiya.

Zuwan fa? Daga Kano ko Abuja ko Legas zaka iya bin Ethiopian ta Addis Ababa ka sauka Windhoek, biza kuma ka gama da ita tun a gida. Daga Windhoek akwai sama da kilomita 800, kwalta ce lafiyayya, ka bi B1 zuwa Keetmanshoop ka karya B4 ta Aus, tafiyar yini ce cur. In hayar mota zakayi ka tuna su a hannun hagu suke tuƙi, kada kayi tafiyar dare, kuma duk gidan man da ka gani ka cika tanki don tsakanin gari da gari ba kowa. Bayan Aus a wani waje Garub zaka iya cin karo da dawakan jeji suna shan ruwa. Abinci ba matsala, Luderitz garin masunta ne, kifi ya wadata ga mai kiyaye yanka. Sanyi kuma akwai shi ko da rana ta take saboda ruwan tekun wajen mai sanyi ne, ka sa rigar sanyi a jaka.

Yanzu Bodie. Shi garin gwal ne a gabashin tsaunukan Sierra Nevada a Kalifoniya, a tudu sama da mita 2,500. An gano zinaren a 1859, mutumin da garin ya ci sunansa W. S. Bodey bai ma ga garin ba, guguwar dusar ƙanƙara ta kashe shi a wannan shekarar. Wajen 1879 zuwa 1880 mutane sun kai tsakanin 7,000 da 10,000, mashaya kusan 65 a gari ɗaya, kisa da fashi abin yau da kullum, akwai unguwar 'yan Sin da wurin ibadarsu. Gobara ta ci garin a 1892 ta sake ci a 1932, haƙar ta tsaya a 1942 lokacin yaƙin duniya na biyu, a 1962 jiha ta karɓe shi ta maida shi wurin tarihi. Tsarinsu shine basa sabunta komai kuma basa bari ya rushe, suna tokare gini su gyara rufi su barshi yadda suka same shi. Shiyasa a ɓangaren kayan ciki babu mai kamo Bodie, kanti da kayansa a kan kanta, aji da bencina da allo, gado da katifa da ƙura ta rufe. Sai dai kusan duka ta taga zaka leƙa, 'yan gine gine kaɗan ne ake shiga, wanda yake son ya taka ciki da ƙafarsa zai ji an rage masa wani abu. Hanyar kuma daga babban titin 395 mil 13 ce, ukun ƙarshe burji ne mai gargada, ba shago ba gidan mai ba wurin kwana a ciki, da hunturu dusar ƙanƙara ke toshe hanyar, lokacinsa daga ƙarshen Mayu zuwa Oktoba. Kuɗin get ɗin ba wani abu bane, tsadar tana wajen jirgi da hayar mota da otal, ga bizar Amurka da kowa ya san halinta yanzu. Ni a ganina Bodie na wanda yake can ne, ɗalibi ko ma'aikaci ko wanda ya je ganin 'yan uwa, ya haɗa shi da gandun dajin Yosemite da tafkin Mono a tafiya ɗaya. Ka tashi daga Kano ko Zinder takanas saboda Bodie, a'a ban baka wannan shawarar ba.

Humberstone da maƙwabciyarsa Santa Laura suna hamadar Atacama, kamar kilomita 45 daga Iquique a arewacin Chile. Su ba gwal ba daiman, wani farin gishiri ne mai kama da kanwa da ake yin takin zamani da albarushi da shi, kuma a kansa Chile ta gwabza yaƙi da Peru da Bolibiya daga 1879. An kafa wajen a 1872, Jamusawa suka gano yadda ake haɗa takin a masana'anta kasuwa ta fara mutuwa, aka rufe a 1960, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2005. Nan ne ya fi girma kuma ya fi sauƙin kaiwa in ka riga ka isa ƙasar, motar haya daga Iquique zata ajiye ka kusa da ƙofa, akwai gidan wasan kwaikwayo da kasuwa da wurin ninƙaya na ƙarfe. Matsalar nisa ne, jirgi uku ko huɗu, ga Sifaniyanci. Amma a abu ɗaya ya fi sauran biyun, yana bada labarin lebura ba kwana kwana. Zaka ga kwabban roba da na ƙarfe da kamfanoni ke biyan ma'aikata dasu maimakon kuɗi, waɗanda basa sayen komai sai a kantin kamfanin, kuma a Iquique ɗin ne ranar 21 ga Disamba 1907 sojoji suka buɗe wuta kan masu yajin aiki da matansu da 'ya'yansu a makarantar Santa Maria, wasu ƙiyasin sun haura mutum 2,000.

Wannan ne ya dawo dani kan abinda ya tsaya mun a rai a Kolmanskop. Jagora zai nuna maka gidan manaja, gidan injiniya, ya baka labarin ƙanƙarar da ake rabawa kowane gida da safe da giyar da ake kawowa daga Turai, kowa na ta dariya ana ɗaukar hoto. Jamusawan nan kusan 300 ne da yara kamar 40, leburorin kwantiragi 'yan ƙabilar Ovambo da aka kwaso daga arewa kuma kusan 800, sune masu jan ciki a cikin rairayi suna tsintar daiman, sun fi kowa yawa a garin amma labarinsu bai fi minti biyu ba in baka tambaya ba. Stauch ya zama attajiri, Lewala bai samu abin kirki ba. Shi kansa layin dogon da yake sharewa da ƙarfin fursunoni 'yan ƙabilun Herero da Nama aka shimfiɗa shi, daga sansanin Shark Island dake nan cikin Luderitz inda mutane suka yi ta mutuwa da yunwa da sanyi tsakanin 1905 da 1907, kisan ƙare dangin da sai a 2021 Jamus ta amsa shi da sunansa. Duk wanda kakansa ya taɓa bashi labarin aikin kuza a Jos da Bukuru da Barikin Ladi, musamman diban gwamna na tilas da akayi a 1942 zuwa 1944, zai gane wajen nan ba sai an fassara masa ba.

Don haka in daga gida zaka taso kuma tafiya ɗaya zakayi, Kolmanskop na zaɓa maka, da takardar masu hoto da kwana biyu a Luderitz. Ranar da ka iso ka yanki takardarka sannan da la'asar ka taka zuwa Shark Island, ba nisa daga tsakiyar gari, ka tsaya a wajen tunawa da shugaban Nama Cornelius Fredericks wanda ya rasu a sansanin. Washegari kayi asuba ka kama hanya da ruwanka da abin sallarka, in zagayen ya fara ka tambayi jagoran ya nuna maka inda leburori suke kwana da yadda ake tsare su kafin a sallame su gida. Kada ka ɗauki ko tsakuwa ɗaya ka sa a aljihu, dokar daiman a yankin nan har yanzu da ranta kuma basa wasa da ita.